Mayaƙi a Cikin Makoki: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo Daga Tsuntsuwa Zuwa Kalambaina



Da aka nemi in yi magana a kan wani abu daga tarihin wannan yanki na Talatar Mafara da Bakura da Maradun, abin da ya fara faɗo mini shi ne in yi bayanin garuruwa da sarautu, wa ya kafa, wa ya gada, kamar dai yadda aka saba. Sai na ga a cikin zauren nan akwai dattawan da suka fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba. Sabo da haka na zaɓi in ɗauki mutum guda, in dube shi ta wata fuska da ba mu cika duban manyanmu ta nan ba, watau fuskar baƙin ciki. Mutumin kuwa shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu. Tambayar da nake so mu bi ita ce: mayaƙin da aka kashe masa dangi da abokan karatu a fagen fama, sa'an nan daga baya ya rasa wan da ya rene shi, me ya kusa fitar da shi daga aikin da ya ɗauka, me kuma ya mai da shi?

Dalilin zaɓensa shi ne ya bar rubutu. Galibin mayaƙa ba su bari. Mazan jiyanmu da aka kwasa zuwa Boma a Yaƙin Duniya na Biyu sun komo da labari a baka, akasarinsu kuwa da shi aka binne su. Abdullahi shi malami ne kafin ya zama jagoran runduna, alƙalami kuma bai bar hannunsa ba ko a sansani. A shekara ta 1813 ya tattara waƙoƙinsa na Larabci cikin littafin da ya kira Tazyinul Waraƙati, kowace waƙa ya gabatar da ita da bayanin abin da ya sa ya yi ta, da halin da yake ciki a lokacin. Wani Bature masani, Mervyn Hiskett, ya buga littafin tare da fassarar Ingilishi a Ibadan cikin 1963. Masu tarihi sun sha haƙo ranaku da sunayen wurare daga cikinsa. Ni abin da na je nema a ciki zuciyar mai littafin ce.

Watakila wani ya ce, ina ruwan Mafara da mutumin Gwandu? To, ai ƙuruciyar iliminsa a ƙasar nan ya yi ta. An haife shi wajen 1766, Shehu ya girme shi da kimanin shekara goma sha biyu. Bayan ya karanta Alƙur'ani a hannun mahaifinsu, yana ɗan shekara goma sha uku aka danƙa shi ga wansa, daga nan kuwa bai rabu da shi ba, a gida ko a tafiya. Wajen 1786 Shehu ya shigo ƙasar Zamfara wa'azi, ya yi kimanin shekara biyar, Abdullahi na biye da shi. Sun zauna a Faru. Daga can ne Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya kira Shehu zuwa Magami a babbar salla ta 1788, inda Shehu ya ƙi karɓar kyautar zinariya, ya nemi a ba shi izinin kira zuwa ga addini, kada a hana wanda ya so amsawa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Faru da Magami sunayensu na nan har yau cikin ƙaramar hukumar Maradun. A waɗannan shekaru ne kuma suka saurari Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, wanda shi ma ɗan'uwan iyayensu ne.

A nan ya kamata mu tsaya mu lura da wani abu, domin in ba a gane shi ba sauran labarin ba zai fito ba. Jama'ar da ta taru a kan Shehu a Zamfara da Ɗagel makaranta ce, kuma dangi ce. Malaminka kawunka ne ko baffanka; wanda kuke jan littafi ɗaya da shi ɗan ƙanwar mahaifiyarka ne, gobe kuma shi zai auri ƙanwarka. Sun yi shekara ashirin da ɗoriya a haka, suna cin tuwo ɗaya, suna gardamar nahawu da fiƙihu a tabarma ɗaya. Da aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu cikin Fabrairu 1804, wannan makaranta ce aka wayi gari ta zama runduna. Sojan zamani ana ɗauko shi daga Barno a haɗa shi da na Ogoja, sai a bariki za su san juna. Su kuwa waɗannan, duk wanda ya faɗi a sahu akwai mai kiransa yaya ko kawu a sahun da ke bayansa.

Karon farko ya zo da daɗi. A Tabkin Kwatto, cikin Yuni 1804, Abdullahi ne ya ja jama'a suka karya Sarkin Gobir Yunfa, ga su 'yan kaɗan, ga ƙarancin dawaki. Waƙoƙinsa na wannan lokaci cike suke da murna da kirari, har yana kwatanta ranar da ranar Badar. Wanda ya karanta su zai ji muryar mutumin da bai taɓa shakkar inda aka dosa ba.

Wata shida bayan haka al'amari ya juya. Jama'a ta matsa kusa da Alƙalawa, babban birnin Gobir, aka kai hari ba a ci ba, kibiya kuma ta sami Abdullahi a ƙafa. Yana kwance yana jiyya, cikin Disamba 1804, Gobirawa da taimakon Azbinawa suka auka wa jama'a a Tsuntsuwa, 'yar tazara kaɗan daga birnin. Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya faɗa cikin Infaƙul Maisuri cewa an rasa kimanin mutum 2,000, daga cikinsu wajen 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Limamin jama'a, Muhammadu Sambo, yana cikin waɗanda suka kwanta a nan, haka kuma Malam Zaidu masanin hadisi. Abdullahi ya ba da labarin kansa: da labari ya iso shi sai ya tashi yana ɗingishi, ya tari masu gudu, ya mai da waɗanda suka mayu, suka koma suka kori abokan gaba daga kan gawawwaki, suka binne waɗanda suka iya binnewa.

Ina so ɗalibai su tsaya a kan wannan sura kaɗan. Shari'a ta yanka wa mace takaba, wata huɗu da kwana goma. Sauran dangi an ba su kwana uku. Mu kuma a al'ada mun ƙara da bakwai da arba'in, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, masu gaisuwa su yi ta zuwa suna raba wa mai rashi nauyin da ke kansa. Mayaƙi ko ukun nan ba ya samu. Wanda zai zo ya yi masa ta'aziyya shi ma nasa na kwance. Shahidi kuma ba a yi masa wanka, da tufafinsa ake sa shi a rami, watau ko ɗan jinkirin nan na wanka da likkafani, wanda ke ba zuciya damar yarda da abin da ya faru, babu shi. Ana gama turbuɗe ƙasa sai maganar abincin da jama'a za ta ci gobe. Na san a shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi ƙasar nan akwai mutane a zauren nan, farar hula da masu kaki, waɗanda ba sai an yi musu dogon bayanin irin wannan jana'iza ba.

Abin da Abdullahi ya yi a maimakon zaman makoki shi ne marsiyya, inda ya jera sunayen mamatan, kowa da siffar da aka san shi da ita. Lokacin da nake karatu a Ingila na lura kusan kowane ƙauye yana da dutse a dandali, an sassaƙa sunayen samarin garin da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918. Na riƙa cewa a raina, mu ina namu? Sai daga baya na gane namu a cikin baitoci aka sassaƙa su. Sunayen da muka sani na mutanen Tsuntsuwa, ta hanyar alƙalamin Abdullahi da na Bello suka iso mu.

Malami irinsa kuwa ba zai rasa tuna Yamama ba. A zamanin Halifa Abubakar an yi wannan yaƙi, mahaddata da yawa suka yi shahada, har Sayyidina Umar ya ji tsoron kada Alƙur'ani ya tafi da tafiyar masu riƙe da shi a ka, ya ba da shawara a tattara shi a rubuce. Abin da ba a cika haɗawa da wannan labari ba shi ne, shi kansa Umar ya rasa ɗan'uwansa Zaidu a Yamama, kuma an ruwaito bai daina juyayinsa ba har ƙarshen ransa. Mai rashi ne ya kawo shawarar rubutu. Za mu ga irin wannan a rayuwar Abdullahi, sai dai kafin ya kai can ya bi ta wata doguwar hanya.

Bayan Tsuntsuwa yunwa ta kori jama'a daga Gobir. A farkon 1805 suka komo Zamfara, suka yi sansani a Sabon Gari, arewa da Anka, watau dai cikin wannan yanki namu. Sun zo ne da zaton sun zo gida, domin Zamfarawa na da tsohuwar ƙullalliya da Gobirawa tun da aka rushe Birnin Zamfara, ga kuma sanayyar shekarun wa'azi. Da farko haka aka karɓe su. Amma dubban mutane masu jin yunwa ba baƙin da rumbun talaka zai iya ɗauka ba ne. Mayaƙa suka shiga ƙwace hatsi, Zamfarawa suka juya baya, Bello da kansa bai ɓoye cewa akwai laifin mutanensu a ciki ba. Ku duba yadda wannan zai kasance a idon Abdullahi. Garuruwan da ya shiga yana saurayi da littafi a hannu, ana shimfiɗa musu buzu, su ne yanzu ake rufe ƙofa in an hango tutarsu. Duk da haka daga Sabon Garin nan ya ɗaura ɗamara, wata huɗu kacal bayan Tsuntsuwa, ya ja runduna ya ci Birnin Kabi cikin Afrilu 1805, abin da ya buɗe wa jama'a hanyar komawa Gwandu da damina.

Kafin shekarar ta ƙare aka sake yin wata. Gobirawa da Azbinawa da Kabawa suka haɗa kai suka nufo Gwandu. Rundunar jama'a ta fita tarbarsu, a kan hanya kuwa mayaƙa suka washe Kwalda, garin da ba a gaba da shi, shugabanni suna hani ba a jin su. Abdullahi da Bello suka ga a koma, domin rundunar da ta ci haram ba abin shiga yaƙi da ita ba ce; sarkin yaƙi Aliyu Jeɗo ya ga a ci gaba. Aka ci gaba. A Alwasa aka karya su, aka rasa kimanin mutum 1,000, saura suka komo Gwandu, wadda a lokacin ko ganuwa ba ta da ita, da ƙyar aka tsare ta. A wannan karo ma waɗanda suka tsaya aka kashe su galibi mutanen farko ne, masu karatu. Dalilin a fili yake. Wanda ya fito don ganima shi ke fara juyawa in wuta ta yi zafi. Wanda ya fito don abin da ya gaskata shi ke tsayawa. Ta haka yaƙi yake tsince na kirki ya bar saura, kowace nasara kuma tana jawo sababbin mabiya waɗanda ba su taɓa zama gaban Shehu sun ja baƙi ba.

A shekara ta huɗu bayan hijira, wajen 1807, runduna ta tashi za ta Alƙalawa, Abdullahi na ciki. Ana cikin tafiya sai ya sulale da dare, shi da mutum biyar, ya fuskanci gabas, da niyyar ya tafi Makka da Madina kada ya komo. Ya ce sun kwana uku a daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye. Wannan fa wazirin Shehu ne, wanda ya fara yi masa mubaya'a a Gudu, gwarzon Kwatto da Birnin Kabi.

An yi ta ba da fassara iri iri a kan wannan tafiya. Maganar tsoro ba ta ma taso ba. Mutumin da ya tashi da raunin kibiya ya tari masu gudu ba a yi masa wannan zato. Waɗansu sun ce kishin Bello ne, wanda tauraronsa ke hawa a lokacin. A ganina wannan karanta tarihi ne daga ƙarshe zuwa farko, an ɗauko abin da ya faru a 1817 an jingina wa 1807. Waɗansu kuma, su ne suka fi yawa, sun ce tsananin riƙonsa da shari'a ne, ya ga an kauce ya ƙi zama. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. In aka koma ga abin da shi ya rubuta, za a ga da mamata ya fara. Ya ce abokansa sun wuce, an bar shi a cikin waɗansu mutane dabam, sa'an nan ya shiga siffanta su: masu neman mulkin garuruwa, da tara ƙwaraƙwarai da tufafi masu tsada, da dawakin sukuwa a cikin gari, masu cin rashawa, waɗanda suka bar masallatai da makarantu suka koma wa kaɗe-kaɗe. Sukar da makokin a cikin waƙa ɗaya suke, kuma ba su rabuwa. Da Liman Sambo da Zaidu da ire-irensu na raye, da yana da waɗanda zai haɗa kai da su a tsawata. Rashinsu ne ya mai da shi baƙo a cikin rundunar da shi ya fara ja. Hausawa na cewa ɗan'uwa rabin jiki. Shi a shekara biyu ya ga an yanke masa rabin nan sau biyu.

Akwai wani ciwo kuma da ya fi wannan zurfi, ko da yake sai an karanta da natsuwa ake jinsa. Mai rashi a yaƙi abin da yake rarrashin kansa da shi shi ne, ba a banza suka mutu ba. To, in abin da aka mutu dominsa ya koma neman doki da riga, ina rarrashin? Imaninsa game da makomar shahidan bai girgiza ba ko kaɗan, yana ma ganin sun tsira sun bar shi. Abin da ya girgiza shi ne amincewarsa da rayayyu, da kuma kansa a tsakiyarsu. Ma'aikacin da ya shiga aiki tare da mutanen kirki, ya ga sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, ya waiwaya ya ga ofis ya cika da waɗanda ba su san don me aka kafa shi ba, zai gane wannan hali ko bai taɓa riƙa baka da kibiya ba.

Tun da yake harshe ne sana'ata, bari in ɗan ratse. Muna da kalmomi biyu da muke gwamutsawa, haƙuri da dangana. In an yi rashi mukan ce a yi haƙuri, abin da muke nufi kuwa sau da yawa shi ne a yi shiru, kada a ga hawaye, balle ga namiji, balle ga babba. Kunya da kara sun ƙara ɗaure wannan, har uba ya rasa ɗan fari ya zauna kamar ba shi aka yi wa ba. Dangana ita ce mai da al'amari ga Mai shi, a yarda da hukuncinsa. Mutum na iya yin shiru bai dangana ba, yana kuma iya dangana yana kuka. Malaman jihadi sun san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, sun san juyayinsa a kan Hamza bayan Uhudu, sun san akwai shekarar da masu tarihi suka sa wa suna shekarar baƙin ciki sabo da rasuwar Nana Hadiza da Abu Ɗalib. Don haka ba su ɗauki bayyana baƙin ciki a matsayin raunin imani ba. Abin lura ma shi ne, Abdullahi ya rubuta labarin tafiyar tasa a 1813, Shehu na raye, shi kuma yana riƙe da rabin daula. Ba wanda ya tilasta shi. Da ya so da ya tsallake wannan shafi, kamar yadda manyanmu na yanzu kan tsallake irinsa in suna ba da tarihin kansu.

Bai wuce Kano ba. Mutanen Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, suka tare shi suka hana shi wucewa, suka ce ba su san yadda za su tafiyar da hukunci ba, ya koya musu. Ya duba ya ga irin abin da ya baro a baya shi ne a gabansa, ya kuwa faɗa musu haka. Amma ya zauna. Ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya yi bayanin yadda ake naɗa shugaba da abin da ke wuyansa, da ayyukan waziri da alƙali da sauran ma'aikata, da hukunce-hukuncen yaƙi. Ya ɗebo da yawa daga Shehu Magili, wanda shi ma a Kano ya yi wa Sarki Muhammadu Rumfa irin wannan rubutu wajen shekara ɗari uku kafin nan. Daga nan ya juya ya koma yamma wurin wansa.

Me ya mai da shi? Ba a ce mayaƙa sun shiryu ba, mamata kuma ba su dawo ba. Abin da na fahimta shi ne, roƙon Kanawa ya tuna masa da wani wajibi wanda rashin abokansa bai sauke masa ba, sai ma ƙara masa nauyi da ya yi. In mahaddata 200 sun tafi a yini ɗaya, wanda ya rage da ilimi a ka ba shi da ikon ya kai shi Madina ya binne. Ya fita yana ganin ya rage shi kaɗai, sabo da haka ba shi da sauran amfani. Kano ta nuna masa ragewar tasa ita ce dalilin zamansa. Wannan fassarata ce, ban ce shi ya faɗa da bakinsa ba, amma ayyukansa na bayan nan sun goyi bayanta. Ya koma fagen fama, har ya ƙetare Kwara ya yaƙi Gurma. Da aka ci Alƙalawa a 1808, Shehu ya koma Sifawa, shi kuma ya zauna kusa da shi a Boɗinga, sai rubutu ya ɓarke. A 1812, shekarar da Shehu ya raba aikin daula ya ba shi yamma ya ba Bello gabas, ya rubuta Ida'un Nusuki, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karɓa daga kowanne. A 1813 Tazyinul Waraƙati. Bayan shekara biyu zuwa uku ya gama babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, wanda har yau ake karantawa a zaurukanmu. Shawarar Umar bayan Yamama ke nan, a hannun mutum guda.

Rashi mafi girma yana gaba. Cikin Afrilu 1817 Shehu ya rasu a Sakkwato. Ga Abdullahi wannan rasuwar wa ce, da uba, da malami, da shugaba, mutumin da ya bi tun yana ɗan shekara goma sha uku, yanzu ga shi ya ba hamsin baya. Ruwayar da ta shahara ta ce ya hawo daga Boɗinga, ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an yi wa Bello mubaya'a. Ya juya ya tafi Gwandu. Galibi a kan karanta wannan a matsayin rikicin gadon mulki, kuma lalle akwai wannan, domin Abdullahi ya daɗe yana gargaɗi a rubuce kada shugabanci ya koma sarautar gado, ɗa ya bi uba. Amma a tuna mutumin da ke bakin ƙofar nan makoki ya zo. A Tsuntsuwa yaƙi ya hana shi zaman ta'aziyya. A Sakkwato siyasa ta hana shi. Ya yi shekaru ba ya shiri da ɗan wansa.

Rasuwar Shehu ta sa ƙasa ta motsa, Zamfara na cikin wuraren da suka fara warware alkawari. Malam Abdussalami, Ba'are, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu, wanda kama mutanensa na Gimbana yana cikin abubuwan da suka jawo hijira tun farko, ya yi tawaye a Kware. Bello ya ci garin a farkon 1818, Abdussalami ya fita da rauni, ya zo Bakura ya rasu. Ragowar masu irin ra'ayinsa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka tsaya wa Abdullahi a wuya, ya yi ta fama da su bai iya cin garin ba. Waɗannan fa ba Gobirawan Yunfa ba ne. A cikinsu akwai waɗanda aka yi hijira tare, kuma ƙorafinsu na cewa an kauce wa abin da aka fito dominsa bai yi nisa da abin da shi kansa ya rubuta shekara goma da suka wuce ba. Bambancin shi ne shi da ya ga ɓarna ya fita shi kaɗai, ya komo da littafi. Su suka ɗaga tuta.

Kimanin shekara uku ko huɗu bayan rasuwar Shehu, Bello ya taho da runduna ya taimaki baffansa, suka ci Kalambaina tare. An ruwaito cewa da suka haɗu a kan dawaki, Bello ya yunƙura zai sauka, kamar yadda ɗa ke yi wa uba, sai Abdullahi ya yi masa ishara ya zauna, shi ya sunkuya ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. An ce kuma a nan ne ya tuɓe alkyabbarsa ya ba Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Bello, watau ya sallama masa wazircin da ya riƙe wa Shehu. Bayan wannan ya bar yawancin harkar mulkin Gwandu a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Muhammadu Buhari, ya koma ga karantarwa da rubutu.

Ya rasu a Gwandu cikin 1829, yana da shekara sittin da 'yan kai, can kuma kabarinsa yake. Wadda ta yi masa marsiyya, da Fulatanci, 'yar wansa ce Nana Asma'u, wadda take yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya a cikin ayarin jama'a shekarar da aka yi Tsuntsuwa.